Sake Buɗe Shari'a Bayan Hukuncin Bayan Ido: Misali Daga Dokar Ma'adinai Ta Amurka



Tambayar da zan tattauna a kanta yau tsohuwa ce a fagen shari'a, watau idan an tuhumci mutum, ya yi shiru har wa'adi ya wuce, aka yanke masa hukunci a bayan ido, shin akwai halin a sake sauraronsa? Zan ɗauko misali daga dokar kiyaye lafiyar masu haƙar ma'adinai ta ƙasar Amurka, domin a can amsar tana shafar rayukan mutane.

Bari mu fara da asalin dokar. A shekarar 1968 wani ramin kwal ya fashe a Farmington, cikin jihar West Virginia, mutum 78 suka halaka. A 1972 kuma gobara ta tashi a ramin azurfa na Sunshine, cikin jihar Idaho, ta ci mutum 91. Waɗannan masifu da irinsu su ne suka kai Majalisar Dokokin ƙasar ga kafa dokar 1977, wadda ta wajabta wa sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su binciki kowane ramin ƙarƙashin ƙasa aƙalla sau 4 a shekara, na sarari kuwa sau 2.

Idan sufeto ya ga an karya ƙa'ida, sai ya rubuta takardar laifi, daga baya a aika wa kamfanin da adadin tarar da aka yanka masa. Sashe na 105(a) ya ba kamfanin kwana 30 ya sanar cewa bai yarda ba. In bai yi ba, tarar ta zama hukunci tabbatacce, wanda dokar ta ce babu kotu ko hukumar da za ta sake dubawa. A nan, ashe, shiru ma amsa ce.

To, amma takarda takan ɓace, akawu yakan kwanta ciwo, wasiƙa takan tafi wani adireshi dabam. Saboda haka a shekarar 1993, cikin shari'ar kamfanin Jim Walter Resources, hukumar da ke sauraron waɗannan ƙararraki, wadda take mai zaman kanta ce da kujerun wakilai 5, ta yanke cewa tana da ikon sake buɗe irin wannan hukunci idan hali ya kama. Ma'aunin da take bi shi ne ƙa'ida ta 60(b) ta kotunan tarayya, wadda ta yarda da dalilai kamar kuskure, da rashin lura, da sakacin da ke da uzuri. Mai neman a buɗe bisa waɗannan dalilai dole ya nema cikin lokacin da ya dace, kada ya wuce shekara 1.

Ƙofar nan kuwa ƙarama ce. Ba ya isa kamfani ya ce an manta kawai. Sai ya bayyana wanda ya karɓi takardar, da inda ta maƙale, da ranar da aka gano, da gyaran da aka yi. Hukumar ta sha ƙin buƙatar kamfanonin da ta ga tsarin ofishinsu na karɓar takardu ne ya lalace tun asali. Har ila yau, buɗewar ba ta soke tara, sai dai ta mai da maganar gaban alƙali. Gardama a kan tara kuma ba ta ɗage wa'adin da sufeto ya sa na gyara abin da ke da haɗari a cikin rami.

Me ya sa aka tsananta haka? Dalili shi ne tarihin laifuffukan kamfani yana cikin abubuwa 6 da ake dubawa wajen yanka tara, kuma laifin da ya tabbata ne kaɗai ke shiga lissafi. Da za a riƙa buɗe kowace shari'a a sauƙaƙe, da mai sakaci ya jinkirta hukunci yadda ya ga dama, leburan da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne zai ɗauki nauyin jinkirin. Da kuma za a toshe ƙofar gaba ɗaya, da an hukunta wanda ba a taɓa jin ta bakinsa ba. Adalci yana bukatar a kiyaye duka biyun.

Ku ɗalibai, ku lura cewa wa'adi a shari'a shi ma haƙƙin wani ne. Ku ma'aikata kuwa, ku da kuke karɓar wasiƙu kuna buga musu hatimi, ku sani ranar da kuka rubuta a rajista ita ce wani lokaci za ta raba gardama tsakanin uzuri da sakaci.