Hanyoyin Rumawan Dā

Jama'a, yau zancenmu a kan hanya ne. A shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, wani babba cikin mahukuntan birnin Rum, Afiyus Kalaudiyus, ya sa aka fara gina hanya daga Rum zuwa Kafuwa, domin mayaƙa su yi saurin tafiya. Sunansa ta ci, ana ce da ita Via Appia. Har yau mutane na takawa bisa duwatsunta.

Me ya sa ta daɗe haka? Ga yadda sukan gina manyan hanyoyinsu. Su haƙa ƙasa sai sun tad da mai tauri, su jera manyan duwatsu, su zuba tsakuwa su daɓe, sa'an nan su shimfiɗa faffaɗan duwatsu a bisa. Tsakiyar sukan ɗaga ta kamar bayan kunkuru, don ruwa ya gangara lambatu. Kowane mil kuma su kafa dutse mai rubutu.

A Ingila waɗansu hanyoyin sun nutse cikin gonaki. Wani mutum wai shi Ivan Margary, don sha'awa kawai, ya yi ta bin sawunsu, yana duban miƙaƙƙen tudu, har ya fitar da littafinsu a 1955.

To, ga abin lura. Wanda ya tsinci tsohon kasko ko kuɗin dā a kufai, kada ya tone wurin. Ya rubuta inda ya gan shi, ya sanar da masana. In an raba abu da mazauninsa, labarinsa ya ɓace ke nan, ba ya komowa. Ku da kuka iya rubutu yanzu, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba.