Gireba Babu Fulawa

Jawabin da wata 'yar ƙungiya ta gabatar a taron zagayowar shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyena da ƙannena da kuka taso daga Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana kan sana'ar hannu, ni kuma na zaɓi gireba saboda wata jikata. Yarinyar nan ta daɗe tana fama da kumburin ciki da gudawa, ga rama, har ƙanwarta ta kamo ta a tsawo. Mun yi jiƙe-jiƙe har mun gaji. Da aka yi gwaji a asibiti, likita ya ce hanjinta ba ya jituwa da wani sinadari na cikin alkama, wai shi gulutin, wanda ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Maganin ɗaya ne, ta bar alkama gaba ɗaya. To ku lissafa: burodi, taliya, gurasa, alkubus, cincin, dubulan, alkaki. Ranar sallah kowa na tauna, ita tana kallo. Abin ya tsaya min a rai.

Amma shinkafa, gero, dawa, masara da gyaɗa, waɗannan da muke nomawa, duk ba su da shi. Nakiyar gara ma ai da shinkafa ake yin ta. Sai na ce, me zai hana gireba?

Ga yadda nake yi. Ki wanke farar shinkafa, ki shanya ta bushe, a niƙa ta laushi, ki tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi. Ki auni gari gwangwanin madara 4, niƙaƙƙen sukari gwangwani 1, man gyaɗa gwangwani 1, ƙwai 1, da ɗan gishiri. Girebar fulawa ba ta neman ƙwai, amma wannan sai da shi, don shi ke riƙe ta. Ki kwaɓa, ki rufe, ki bar shi minti 30 garin ya sha mai, in ba haka ba za ki ji tsaki-tsaki a baki. Ki mulmula ƙanana, ki ɗan danna, ki barbaɗa riɗi, ki gasa da wuta kaɗan kamar minti 15 zuwa 20. Wadda ba ta da oben, tukunya da yashi a ƙasa da garwashi kan murfi sun isa. Kada ki taɓa sai ta huce. Ta farkon da na yi, garaje ya sa ta koma gari a hannuna.

Abu biyu zan roƙe ku. Na farko, kada uwa ta yanke wa ɗanta alkama da zato, a fara ganin likita, don in an daina ci kafin gwaji, gwajin kan iya ɓoye ciwon. Na biyu, amana. Injin da ya niƙa alkama, da rariya ko muciyar da ta taɓa fulawa, sun isa su kwantar da mai wannan lalura. In kin ce wa mai saye babu fulawa, to ko cokali ɗaya kada ki zuba don ta yi kyau.

Bara da sallah, jikata da kanta ta raba wa ƙawayenta girebarta. Akwai faranti a bakin ƙofa, kowa ta ɗanɗana kafin ta tafi.