JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A KAN GANE CIWON GIYAR CVT

 

Wannan jawabi a kan mota ne. A zamanin da, hakimi ya kan yi rangadi a kan doki, yau kuwa mota ce dokinsa. Tun ran 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, kira zuwa taro bai yanke ba. Ran da ambaliya ta ci ƙauye, ko rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, in motar hakimi tana kwance a gareji, to, talakawa ne za su kwana cikin jira.

Da yawa cikin motocin hannu da a ke shigowa da su daga Amurka da Turai suna ɗauke da wata irin giya da a ke kira CVT. Gyaranta da tsada, kuma ciwonta ya kan yi kama da ciwon wasu sassan mota. Saboda haka abin da a ke so kowane hakimi ya riƙe shi ne wannan: kada ya yarda a sauke masa giyabos, ko a saya masa wani, sai an bi matakan bincike ɗaya bayan ɗaya, malami yana rubutawa. Ba a yi wa doki lalas sai an san inda ciwon ya ke.

YADDA GIYAR TA KE

Giyar da aka saba da ita, ta hannu ko otomatik, hawa-hawa ta ke, daga ta ɗaya zuwa ta biyu zuwa ta uku. CVT ba ta da hawa. A cikinta akwai fuli biyu, ɗaya ta wajen injin, ɗaya ta wajen ƙafafu. Kowanne an yi shi da faranti biyu masu tsini a tsakiya, kamar malfa biyu da aka haɗa kansu, sa'an nan bel na ƙarfe ya ratsa kwarin da ke tsakaninsu. In farantan suka matso juna, sai bel ya hau can baki, fuli ya zama kamar babba. In suka buɗe, sai ya faɗa ciki, fuli ya zama kamar ƙarami. Sa'ad da mota za ta tashi, na wajen injin ne ƙarami, in ta miƙe kuwa sai abin ya juya.

Abin da ke matsa farantan nan man giya ne, wanda famfo ke turawa da ƙarfi bisa umurnin kwamfutar mota. Watau man nan aiki uku ya ke yi: shi ke matsa fuli, shi ke sanyaya giya, shi ne kuma ke sa bel ya kama ba tare da santsi ba. Wanda ya gane wannan ya gane rabin ciwon CVT.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1958 kamfanin DAF na ƙasar Holan ya nuna wata ƙaramar mota mai irin wannan giya, wadda Hub van Doorne ya ƙago, amma bel ɗinta na roba ne. Bel na ƙarfe ya shiga motocin kasuwa a 1987. Nissan Altima ta koma CVT a ƙirar 2007, Honda Accord mai silinda 4 a ƙirar 2013, yawancin Toyota Corolla na Amurka kuwa a ƙirar 2014. Ƙorafi ya yi yawa a kan na farko-farkon, har kamfanin Nissan ya tsawaita garantin giyar motocinsa ƙirar 2003 zuwa 2010 a Amurka, ya mai da shi shekara 10 ko mil 120,000. Wannan garanti ya ƙare tuni, ke nan wanda ya sayi tsohuwar mota irin wannan, nauyin gyara a wuyansa ya ke.

MATAKI NA FARKO: A SAN IRIN GIYAR

Sandar giyar CVT da ta otomatik kamarsu ɗaya, duka da P da R da N da D. Don haka kada a dogara da ganin ido, ko da maganar dillali. Malami ya duba littafin mota, ko ya sa a bincika lambar jikinta mai harafi da lamba 17, ya rubuta irin giyar da sunan manta a shafin farko na littafin da zai buɗe wa motar. Wasu motoci masu haɗa fetur da batir, irin su Toyota Prius, ana kiran tasu giyar da suna mai kama da wannan, amma ba ta da bel, wannan jawabi bai shafe su ba.

Ya kamata kuma direba ya san halin lafiyayyar CVT, don kada ya kai ƙarar mai lafiya asibiti. In an taka totur, injin ya kan ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya, mota tana ta ƙara gudu, ba a jin canjin giya. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi ta.

MATAKI NA BIYU: A RUBUTA ALAMU

Alamun da ke nuna akwai damuwa su ne waɗannan:

1. Mota ta riƙa karkarwa ko fizga sa'ad da ta ke tashi, ko a ƙaramin gudu.
2. Injin ya yi ta ihu, amma gudu bai ƙaru ba, watau bel yana santsi.
3. A sa D ko R, mota ta yi jinkiri kafin ta amsa, ko ta amsa da bugu.
4. Kuka ko gurnani da ke ƙaruwa da ƙaruwar gudu.
5. Ƙarfi ya ɗauke bayan doguwar tafiya cikin rana, in an huta ya dawo.
6. Ɗigar mai a inda mota ta kwana, ko ƙaurin ƙuna.

A nan ne aikin malami ya ke. Ya zaunar da direba ya tambaye shi: yaushe abin ya fara? Da sanyin safiya ya ke yi, ko sai mota ta yi zafi? A gudu nawa? Mutum nawa ke ciki, da wane kaya? An ratsa ruwa kwanan nan, ko an kafe cikin rairayi? Wane ne ya taɓa man giya daga baya, wane iri kuma ya zuba? Ya rubuta amsa da kwanan wata da lambar tafiyar mota. Ya lura kuma, motocin Amurka da mil su ke ƙirga, mil 1 kuwa kilomita 1.6 ne. Bakaniken da aka kai wa takarda irin wannan an rage masa lalube.

Alama ta biyar ita ce ta fi damun mutane a wannan ƙasa. A watan Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Motar da ta taso daga Kano da azahar, ta biyo ta Wudil da gudu, cike da mutane, tana iya saki kafin Shuwarin. Sau da yawa giyar ba mutuwa ta yi ba. Kwamfuta ce ta ga mai ya yi zafi ƙwarai, ta rage ƙarfi da gangan don ta tsirar da bel. Direba ya sauka gefen hanya ya bar ta ta huce, sa'an nan a nemi dalili: ko mai ya tsufa, ko ya yi kaɗan ko yawa, ko fanka ba ta juyawa, ko ƙura da ciyawa sun toshe lagireto da abin sanyaya man giya.

MATAKI NA UKU: A WANKE MAƘWABTA

Giya ta sha ɗaukar laifin da ba nata ba. Filogi ko kwayil da ya mutu ya kan sa mota fizga kamar ta CVT. Robar da ke riƙe da injin, in ta yage, ta kan kawo bugu sa'ad da aka sa D. Boris na ƙafa ya kan yi gurnani mai bin gudu. Batir mai rauni, ko waya da ɓera ya ci, ko abin auna gudun ƙafa da ya lalace, duk suna ruɗa kwamfuta. Waɗannan kuɗin gyaransu kaɗan ne in an gwada da na giyabos, saboda haka su za a fara dubawa. Ga gwaji mai sauƙi: in mota tana tsaye a P, aka taka totur injin yana tari ko rawa, to, a fara neman ciwon a injin.

MATAKI NA HUƊU: A DUBA MAI

Man CVT dabam ya ke da jan man otomatik da aka saba sayarwa, kuma kowane kamfani da nasa. Nissan tana da NS-2 da NS-3, Honda tana da HCF-2, Toyota tana da TC da FE. In aka zuba man otomatik a CVT, bel ya kan yi santsi, ya goge fuskar fuli, wannan ɓarna kuwa sabon mai ba ya gyara ta. Maganar cewa duk man giya ɗaya ne ita ce ta fi kowace magana tsada a gareji. Araha ba ta ado.

Yawancin waɗannan motoci ba su da sandar awon man giya. Ana auna shi ne mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, mai yana kan zafin da littafi ya faɗa. A ɗiba kaɗan a farar takarda a duba. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Wannan abin lura ne ga gundumomin fadama, musamman bayan irin ambaliyar da Jigawa ta gani a 2022, domin giyabos yana da kafar shan iska, ruwa mai zurfi ya kan bi ta nan. Motar da ta ratsa irin wannan ruwa, a duba manta kafin ta sake tafiya.

In an kwance kaskon ƙasa, akwai mayen ƙarfe a cikinsa. Laushin baƙin gari a jikinsa ba abin tsoro ba ne. Amma in an ga ɓarɓashi mai ƙyalli ko tsinke-tsinken ƙarfe, to, bel ko fuli ko boris ya ciwu. Hakimi ya ce a nuna wa wakilinsa da ido.

MATAKI NA BIYAR: A TAMBAYI KWAMFUTA

Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'urar bincike. Na'urar ta kan fitar da lambobi. P0300 zuwa P0304 na nufin injin ne ke tari. P0700 sanarwa ce kawai cewa kwamfutar giya tana da magana, sai an shiga cikinta. P0715 da P0720 sun shafi abubuwan auna gudu na giya. P0218 zafin giya ne. P0776 da P0841 sun shafi ƙarfin turin mai. A motocin Nissan, P17F0 da P17F1 na nuna karkarwar bel.

Malami ya kwafe lambobin nan kafin a goge su, domin gogewa ba magani ba ce, kashe shaida ce. Kuma lamba ba hukunci ba ce, nuni ne ga unguwar da za a bincika. Lambar abin auna gudu tana iya zama waya ce kawai ta saki. Bayan haka bakanike ya fita da motar, na'ura tana jone, ya duba zafin mai da ƙarfinsa a irin halin da direba ya faɗa. In garejin kusa ba shi da na'urar da ke karanta kwamfutar giya, gwamma a kai motar Dutse ko Kano da a yi ta canki-canki.

IN AN TABBATA GIYA CE

Sai a nan ne za a yi maganar saukewa. In za a sayo giyabos na hannu, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wani wuri, lalle lambarsa ta dace da ta tsohon, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. A wanke abin sanyaya mai ko a sake shi, don kada ɓarɓashin tsohon ya kashe sabon. Wasu motocin kuma sai an daidaita kwamfutarsu da sabon giyabos kafin su yi tafiya sosai. A karɓi tsofaffin kayan da aka cire, da rasit, da galan ɗin man da aka zuba.

GARGAƊI GA DIREBOBI

Rigakafi ya fi magani. In mota ta kafe cikin rairayi ko taɓo, kada a yi ta jifa da giya daga D zuwa R ana taka totur. A tone ƙafa, a sa itace, a kira jama'a su tura. Kada a sa R sai mota ta tsaya cik. Kada a ɗora wa ƙaramar mota buhunan gero daga kasuwar Sara ko ta Shuwarin, ko a ja wata da ita. In ta mutu, kada a ja ta da igiya ƙafafun da ke jan ta suna ƙasa, domin famfon mai ba ya aiki sai injin yana juyawa. A ɗora ta bisa janwe. Game da sake mai, a bi jadawalin da littafin mota ya tanada don wurare masu zafi da ƙura, gama ƙasar nan tana cikinsu.

Ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya buɗe littafin mota tun yau, ya karanta wa direba wannan jawabi, ya kuma isar da shi ga dagatai da masu unguwanni masu irin wannan mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.