Jawabin Shugabar Mata Kan Takardun Sunaye da Lambobin Matanmu



Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya, ina gaishe ku, ya gida ya yara, ya kuma haƙuri da wannan tsadar rayuwa. Wannan shi ne abin da na faɗa a zamanmu da shugabannin mata na mazaɓu, aka ce in rubuto saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta iya karatu, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Zan fara da laifina kafin in taɓa na kowa. Bara, lokacin tallafin jari, na tara sunayen mata da lambar wayarsu da akawun da sunan banki da mazaɓa, na ɗauki hoton takardar na tura a babban guruf, wai don kowa ta ga ba a yi son kai ba. Niyyata mai kyau ce. Ba a yi sati ba wani ya kira wata baiwar Allah mai tuyar awara, mijinta ya rasu ya bar mata yara. Ya kira sunanta cikakke, ya faɗi bankinta da mazaɓarta, ya ce daga wajena yake, kuɗinta sun maƙale, ta karanto masa lambobin jikin katinta na ATM da lambar da za ta shigo wayarta. Ta karanto. Kuɗin adashen da ta ɗauka duk suka tafi. Da ta zo gidana ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Hajiya, ai na ji ya san komai, shi ya sa na yarda." Wallahi har yau maganar nan tana cina, domin ni na ba shi wannan komai ɗin.

Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024. Wace ce a cikinmu za ta rantse ta san duk wanda ke ciki? Wata wayar mijinta ce, wata ɗanta ke riƙe mata, wata an sace tata ba a cire lambar ba. Abin da ya shiga guruf ya shiga kasuwa.

To ku riƙe wannan. Idan kuɗi za a turo miki, lambar akawun ɗinki mai lamba 10 da sunan banki sun isa. Babu mai buƙatar lambar sirrin katinki, ko lambobin da ke jikinsa gaba da baya, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, sai mai son cirewa. NIN da BVN kuwa, kowanne lamba 11, su ne ɓarawo ke haɗawa da sunanki da ranar haihuwarki ya yi miki magana kamar ma'aikacin banki. Inda tsarin gwamnati ya buƙaci NIN da gaske, ki je da ƙafarki ki cike fom a gaban wadda kika sani. Linkin nan da ake turowa, wai a danna a cike a raba wa guruf goma za a samu dubu hamsin, ba daga gare mu yake ba, ko da an manna hoton ɗan takararmu a kai.

Ku shugabannin mazaɓu, maganar ta fi nauyi a kanku, domin a jakarku littafin yake. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, akwai kuma hukumar NDPC da ke kula da ita. Abin da take nema bai fi abin da malamanmu na Islamiyya suka koya mana a babin amana ba: ki gaya wa mace dalilin karɓar bayananta, ki samu yardarta, ki karɓi iya abin da ake buƙata, kada ki juya shi zuwa wani aikin. Sunan da aka ba ki don rabon taki ba naki ba ne da za ki miƙa wa wani mai neman kujera don ya ba ki na goro. Na san ana yi. Na san har da masu zuwa da shinkafa suna cewa "lis kawai muke so." Wanda ya zo da wannan, ku turo min shi.

Katin zaɓe ma haka. Kada ki ba kowa ajiya, kada ki bari a ɗauki hotonsa, ko da ɗan jam'iyyarmu ne. Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa saye ko sayar da katin, ko riƙe shi ba bisa ƙa'ida ba, laifi ne, a lokacin hukuncinsa tara ce da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara 2. Kuma na'urar BVAS yatsa ko fuska take dubawa, wani ba zai yi zaɓe da katinki ba. Mai karɓe shi so yake ranar zaɓe ki zauna a gida.

Sai hotuna. Mace ta zo karɓar mudu biyu na masara, an tsayar da ita an haska fuskarta, gobe tana Facebook, dangin miji suna gani, kishiya tana gani. Akwai wadda hoto irin wannan ya jawo mata yaji. A ɗauki kayan da masu rabawa, a bar fuskar mai karɓa sai ta ce ta yarda. Marayu kam a rufa musu asiri.

Game da tura labari, manyanmu za su tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashe mu da asuba a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Har rayuka aka rasa, wasu suka kwana a asibiti, kuma duk wanda ya kira ɗan uwansa don ƙauna ya kira. Yanzu abin ya wuce nan, ana iya haɗa muryar mutum a kwamfuta ta faɗi abin da bai faɗa ba. Idan kika ga kibiyoyi biyu a saman saƙo, alamar ya yi yawo hannu da hannu ke nan, ki dakata. Ko a kan abokan hamayya ne, ko ya yi mana daɗi, ƙazafi ƙazafi ne, kuma matar da ake yaɗa hotonta 'yar wani ce. Gobe a kanmu za a gwada.

Wani abu kuma: idan lamba 6 ta shigo wayarki daga WhatsApp, wani ya kira ya ce ta taron jam'iyya ce ki karanto masa, ki kashe wayar. Da ita ake ƙwace WhatsApp ɗinki a shiga roƙon kuɗi da sunanki. Idan kuka ga saƙo daga lambata ina neman rance, ku kira ni ku ji muryata tukuna.

Daga yau ba a tura jerin sunaye a kowane guruf namu. Littafi ɗaya a hannun shugabar mazaɓa, kwafi ɗaya wajen sakatariya. Tsofaffin hotunan lis da ke wayoyinku a goge su, ni na goge nawa. Ranar Asabar bayan la'asar 'yan matanmu masu ilimin waya za su zauna a ofis su sa wa kowa makullin WhatsApp mai mataki biyu, kyauta. Ki zo da wayar a cike da caji, kuma ke za ki zaɓi lambar sirrinki da kanki, su juya baya ki danna.

Allah Ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.

Taku, Shugabar Mata