Warin Ruwan Famfo

Kwanan baya wata dattijuwa ta kawo jikanta disfensa, yana amai da gudawa. Na ce, "Iya, ina kuke ɗebo ruwa?" Ta ce tsohuwar rijiyar bakin kasuwa, don ruwan famfo warin magani gare shi, ita ba ta yarda da shi ba.

To, ku saurara. A ma'aikatar ruwa, kamar ta Tamburawa a Kano, alam ake fara zubawa laka ta kwanta, a tace cikin rairayi, sa'an nan a sa kulorin kaɗan. Warinsa kuke ji, shi ne kuwa ke kashe ƙwayar kwalara. Ba ya hana haihuwa. Ruwan rijiya yakan yi garau, ga sanyi, amma ido ba ya ganin ƙwayar cuta. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya.

Ban ce famfo ba ya laifi ba. In bututu ya fashe cikin lambatu, ƙazanta takan shiga. In kun ga ruwa ya gurɓace, ku tafasa kafin ku sha, mai unguwa kuma ya kai magana wurin ma'aikatan ruwa. Randa a rufe ta, a ware mata moɗa guda mai tsabta.