Adalci Tsakanin Manomi da Makiyayi: Garkuwa Daga Fitinar Bindiga

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutane ƙabilu daban-daban, Ya haramta zalunci a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunai da muƙaddamai da sauran 'yan'uwa, duk wanda ya halarci kasuwar Wudil ranar Juma'a ya ga abin lura. A karar shanu Bafulatani ke kawo dabba, Bahaushe dillali ya shiga tsakani ya ci la'ada, mahauci ya saya, mai tirela ya yi lodi zuwa Kudu, mai sayar da dusa da mai abinci kowa ya sami rabonsa. Arzikin waɗannan mutane igiya ɗaya ce, in aka tsinka ta a ruga sai an ji zafin a cikin gari.

An riga an ga yadda take tsinkewa. Daga shekarar 2011 satar shanu a Zamfara ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane, ta bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna, har ta ƙetara yankin Maraɗi. A watan Afrilun 2014 an kashe fiye da mutum 100 a 'Yargaladima. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar, ya ƙidaya marayu sama da 25,000 da mata kusan 5,000 da aka kashe wa mazaje cikin shekara takwas. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 kuma 'yan mata 279 a Jangebe. A wannan shekarar ce gwamnatocin Zamfara da Katsina suka rufe kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Manomi ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa, makiyayi na kirki ya rasa garken da ya gada kaka da kakanni, marayun duka biyun suka haɗu a bakin titi suna bara.

Bindigogi sun yawaita a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, amma bindiga ba ta harba kanta. Ta iske zukatan da zalunci ya riga ya cika. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Da jama'a ta ƙaru, sai aka riƙa yanka wuraren kiwo ana raba wa masu hali, aka nome burtali, aka toshe mashaya. Makiyayi da yawa sun ga cewa in shanunsu suka yi ɓarnar dami ɗaya, sai an ci su tarar sa. Talaka manomi shi ma ya ga an cinye masa amfanin shekara, ya kai ƙara bai sami diyya ba. Daga nan 'yan sa-kai suka shiga kashe mutum saboda ƙabilarsa, 'yan bindiga kuma suka shiga ƙona gari saboda laifin mutum ɗaya.

Wannan ba uzuri ba ne ga ɗan fashi. Wanda ya tare hanya ya zubar da jini muharibi ne a shari'a, ko da an taɓa zaluntarsa. Haka nan wanda ya kashe Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, ya kashe rai ba da haƙƙi ba. Shari'a ba ta kama mutum da laifin ɗan'uwansa.

Magabata ba su bar wannan babi a buɗe ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa, tare da ƙwacen dukiyar talakawa da cin hanci a wurin shari'a. A Kano sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta bambanta ɓarnar da dabba ta yi da dare, wadda ramuwarta ke kan mai dabba, da wadda ta yi da rana. Hukunci ne da ya ɗora wa kowane ɓangare nasa nauyin, bai dubi harshen da mutum ke magana da shi ba.

Saboda haka akwai wajibai a kan mutanen Wudil. Na farko yana kan dillalai da fatake: saniyar da aka sato ba ta zama kuɗi sai ta sami mai saye, kuɗin nan kuma shi ke komawa harsashi. Wanda ya ga dabba da araha mai ban tsoro, mai ita ba shi da wanda ya san shi, ya sayi wuta in ya saya. Na biyu yana kan hakimai da dagatai da arɗoɗi, su tsare burtali da mashaya, su kimanta ɓarna da gaskiya a gaban ɓangarorin biyu. Na uku yana kan mawadata: mai shanu 30 zakka ta hau kansa, haka mai hatsin da ya kai nisabi, kuma 'yan gudun hijira da marayu suna cikin masu haƙƙi. Na huɗu yana kan muridai, waɗanda ke zama sahu ɗaya a zawiyya, Bahaushe kafaɗa da kafaɗa da Bafulatani. Harshen da ya saba da zikiri bai dace ya kira ƙabila guda ɓarayi ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya shiryi masu ɗauke da makamai, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya zaunar da Wudil da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.