Maganar Malamanmu na Lakkwal Masu Son Aje Alli

Iyayenmu dattawa, 'yan'uwa na Yamai da Doso da na Kurmi waɗanda takardar ga za ta iske, muna gaishe ku da rani.

Abin da ya sa munka tashi magana shi ne, cikin ɗiyanmu masu koyarwa a lakkwal, nan Dumega da ƙauyukan Tibiri da Dogon Dutsi, akwai masu son aje alli. Wani shina so ya sai babur ya shiga kabu-kabu, wani kasuwanci, wani garka cikin fadama. Kuma mu na bariki suke tambaya shawara, don sun gan mu ran salla da sabuwar shadda.

Mu fara da gaskiyarsu. A da, mushe babban mutum ne a gari. Tun da anka karya darajar sefa a 1994 albashi ya rage auki, a 1998 kuma gwamnati ta fara ɗaukar malamai ba bisa cikakken aikin gwamnati ba, waɗanda munka sani yanzu da 'yan kwantaragi. Har su ne sunka yi yawa cikin azuzuwa. A 2017 ɗan kwantaragin firamare jika 75 yake amsa ga wata. Cikin watan Yuli na shekaran nan anka yi musu jarrabawa, anka sallami dubbai. Wanda ya ga haka ta faru ga abokinsa, ba a ce masa kar ya yi tunani.

Amma da munka zauna da su, ba ƙanƙantar kuɗin ta fi cin ransu ba, jinkirinsu ne. Kuɗin in sun zo ƙarshen wata, mutum ya san yadda zai yi. In sun yi wata biyu ba su zo ba, mai kanti ya san sirrinka, matarka ta san ka ci bashi, ga yara cike da rumfar zana suna jiranka da safe, kai ko hankalinka na ga buhun hatsi. Aikin kuma bai ƙarewa da tashin yara. Akwai shirin darasin gobe da gyaran littattafai da dare, da fitila.

To, mu ma mu faɗa musu tamu gaskiyar. Shaddar salla ta kwana guda ce. Masu fatauci cikinmu sun san abin da sunka gani sa'ad da Najeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019 har Disamba 2020, da wanda anka sake bayan juyin mulkin 2023. Jari nawa ya narke ana zaune? Ɗan kabu-kabu kuwa, ran da ya kwanta ciwo ba ya da ko dala, kuma ba ya da hutu. Malami ko, babban hutunsa da damana yake faɗowa, shina iya noman gonarsa. Wanda ya samu lambar aikin gwamnati kuma shina da fansho gaba. Wanga duka a sa shi cikin lissafi kafin a sai babur da kuɗin bashi.

Ba mu ce kowa ya zauna dole ba. Mai iyali shi ya san nauyin gidansa. Sai dai wanda zai tafi, don Allah ya jira ƙarshen shekarar karatu, kar ya bar aji tsakar rani. Ɗiyan da ke ciki namu ne, kuma ba nan da nan ake aiko wani ba.

Albashi ba hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi munka kawo gabanku. Ƙungiya ta ware 'yan buhunan hatsi tun da kaka, malamin da kuɗinsa sunka makara ya ranta, ya maida in an biya shi, ba riba. Baƙon malami kuma a ba shi ɗaki ba haya, kamar yadda iyayenmu ke yi wa baƙo.

Na nesa su aiko da ra'ayinsu da gudummuwarsu ta hannun ma'aji kafin taro mai zuwa. Dattawa kuma muna roƙo su nuna mana rumbun da za a aje hatsin, da wanda zai riƙe makulli.